Zobe a Ƙafar Salwa

Tun da na dawo daga Jidda ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a kasuwa a tare ni. Har wanzamina sai da ya tsayar da aska a tsakiyar kaina ya ce, wai da gaske ne gwamnati ta tura ni ƙasar Larabawa don in koyi kama tsuntsu in sake shi? Da gaske ne. To baki ya gaji, bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Sunana Sale, mutumin Nguru, ɗan masu tarko. Da agwagin fadama mahaifina ya ciyar da mu. Abu na farko da ya koya mini shi ne kada in kuskura in bar tsuntsu ya mutu a tarko ba yanka. Sau ɗaya na yi sakaci wata ɗinya ta zama mushe, dukan da na sha ranar har yau ina jin sa. Tun daga nan 'yar wuƙa ba ta rabuwa da aljihuna.

Na ɗan taɓa makaranta, don haka aka ɗauke ni a ma'aikatar gandun daji, aikina korar tsuntsayen jan-baki daga gonakin gero. Wata shekara wani tsohon Bature masanin tsuntsaye, wanda kowa ke kira Dokta, ya zo fadamarmu. Ya ga yadda nake kwance tsuntsu daga raga gashi ɗaya bai faɗi ba. Sai ya rubuta wa shugabanmu cewa a turo ni sansaninsa a bakin teku kusa da Jidda, in yi wata uku, in na ƙware ya ba ni takardar shaida. Shugaban ya kira ni ya ce za a buɗe irin wannan sansani a bakin tafkin Chadi, kuma wanda ya kawo takardar shi zai riƙe shi. Takardar nan ce ta fitar da ni daga gida.

Daga Maiduguri na shiga babbar mota da maniyyata, don lokacin ya zo daidai da tafiyar aikin hajji. Mu wajen arba'in a saman buhuna, ga tukwane, ga tabarmi. Muka wuce Farlomi, muka wuce Abashe, mota ta lalace sau uku. Kusa da ni akwai wata tsohuwa 'yar Haɗeja, Iya Hari, wadda tun ranar farko ta mai da ni ɗanta, wato ni ke ɗaukar mata buta da ƙullin kaya.

A kan iyakar Sudan aka jera mu. Kowa aka tambaye shi ya ce hajji, a buga masa hatimi ya wuce. Ni da iyayi sai na zaro wasiƙar Dokta. Jami'in ya jujjuya ta, ya kira tafinta.

"Me za ka je yi?"

"Kama tsuntsaye."

"Ka sayar?"

"A'a."

"Ka ci?"

"A'a. In sa musu zobe a ƙafa in sake su."

Jami'in ya ajiye hatimi ya ce in koma gefe. Direba ya fara ɗumama mota. Sai ga Iya Hari ta kutso da sandarta ta ce wa tafinta, "Gaya masa ɗana ne. Ba shi da cikakken hankali, addu'a za mu kai shi." Jami'in ya dube ni da tausayi, ya buga hatimi, har ya dafa kafaɗata. Abin haushin shi ne daga nan har teku rabin motar sun yarda da maganar, kowa ya ci dabino sai ya rage mini.

A Niyala muka bar mota muka shiga jirgin ƙasa. Abincin Sudan bai ba ni wahala ba. Asidarsu ƙanwar tuwo ce, sai dai kisra, wadda sirantarta ta sa sai ka ci goma kafin cikinka ya san ka fara. Hausawa kuwa ko'ina muka sauka akwai su. A wata tasha wani dattijo ya riƙe hannuna yana tambayar ko kukar da ke bakin kasuwar garinsu tana nan, garin da ya bari tun kafin a haife ni. Na ce tana nan, ko da yake ban taɓa zuwa garin ba.

A Sawakin aka yi mana allurai aka tsare mu kwanaki, sannan muka shiga jirgin ruwa. Ni da na tashi a kwalekwale na ɗauka na san ruwa, har ina ba mutane shawara. Ba mu yi nisa ba na kwanta. Iya Hari, wadda ko rafi ba ta taɓa hayewa a jirgi ba, tana zaune tana cin gyaɗa tana yi mini fifita. A tashar Jidda muka rabu, ta tafi da jama'arta, ban sake ganin ta ba.

Masaukina na farko a Karantina ne, unguwar baƙar fata a kudancin gari, gidan Hajja Kaltume. Gidan katako ne da gwangwanin da aka buɗe aka daddaƙe, da rana kamar tanda. An zo da Hajja daga Katsina a ƙafa tun ana goyon ta, yanzu tana sayar da ƙosai da koko. Da na durƙusa na fara jero gaisuwa irin ta gida, ina gajiya, ina iyali, ina dabbobi, sai ta katse ni.

"Halas, ya isa, ya ɗana, lafiya lau. Tashi ka sha shayi."

Na ɗauka ba ta so zuwana ba. Daga baya na gane haka suke, gaisuwa gajeriya, shayi dogo. Ruwa kuwa a garwa ake kawo shi a kafaɗa. Ranar farko na yi wanka irin na ɗan fadama, na juye garwa guda. Washegari sai Hajja ta miƙo mini ɗan kwano ta ce, "Wannan na wanka ne, har da alwala."

Da yamma babban ma'aikacin Dokta ya zo duba ni. Sunansa Usta Babikir, haifaffen Ruwais, wata unguwa a Jidda, iyayensa Hausawan Sudan. Dogo ne mai ɗan furfura, Hausarsa rabi Larabci.

"Kai ne ɗan Nijeriya? Tayyib. Bukra, gobe ke nan, mota za ta tsaya a bakin titi ƙarfe goma da rabi. Kada ka makara, Dokta ba ya son ta'akhir."

Na ce a raina aikin nan da daɗi. Na yi barcina, na ci ƙosai, na fita da hantsi ina duba agogo. Na tsaya a rana har azahar ba mota. Da na koma na ba Hajja labari, dariya ta sa sai da ta ajiye matsami. Ashe a can daga faɗuwar rana ake fara ƙirga lokaci, magariba ita ce sha biyu. Goma da rabinsu asuba ce. Washegari Usta ya karɓi agogona ya murɗa shi da kansa, ya ce in manta da na Nasara.

Sansanin yana Abhur, arewa da gari, inda teku ya shigo cikin ƙasa kamar kogi. Ba kowa sai masunta. Tanti uku ne, da rumfa ɗaya mai tebur, da 'yan itatuwan ƙaya inda ake kafa raga. Masuntan suna kiran Dokta Abu Ɗuyur, wato uban tsuntsaye, kuma ra'ayinsu a kansa bai bambanta da na jami'in kan iyaka a kaina ba. Amma suna kawo mana kifi, Usta ya dafa shi da shinkafa mai albasa har ta yi ja. Da safe kuwa wake ne da gurasa, kullum, har na daina tambaya.

Dokta ya tarbe ni da Hausarsa ta littafi. Ya nuna mini teku ya ce tsuntsayen da ke cin rani a ƙasashenmu, in bazara ta zo sai su haye ruwan nan su nufi arewa, kuma nan suke fara faɗowa a gajiye. Ya nuna mini zobban, ƙanana, kowanne da lamba da adireshi. In wani ya kama tsuntsun a wata ƙasa sai ya rubuto, a san hanyar da ya bi. Sannan ya ɗaga filayar da ake matse zoben ya ce, "Doka ɗaya ce, Malam Sale. Tsuntsu yakan mutu a raga, wannan ƙaddara ce. Amma hannun da ya kashe da gangan ba zai riƙe wannan ba." Na ce ai wannan mai sauƙi ne.

Aikin kullum iri ɗaya ne. Muna idar da sallar asuba mu buɗe raga. Ragar baƙa ce, zarenta kamar gashi, tsuntsu ba ya ganin ta. Kowane rabin sa'a a zagaya, a kwance abin da ya faɗa, a sa kowanne a jakar farin ƙyalle, a kawo rumfa. Dokta ya faɗi sunansa, a auna fiffike da rula, a rataya shi a sikeli, a sa zobe, a rubuta a littafi, a buɗe hannu. In rana ta take a naɗe raga. Da la'asar a sake buɗewa.

Kwance tsuntsu ban koya a wurin kowa ba, nan na fi Usta sauri, shi ma ya sani. Riƙo ne ya ba ni wuya. Mu a gida harɗe fukafukai muke yi don kada ya tsere. Su kuwa wuyan ake sawa tsakanin yatsu biyu, jikin ya kwanta a tafin hannu, kana jin zuciyarsa tana bugawa. Usta ya yi mako yana buge mini hannu. "Shwayya shwayya, a hankali, ya Sale. Ba kasuwa za ka kai shi ba." Abu ɗaya ne ya zo daidai da na gida: ana hura gashin ƙirji a duba kitse. Da Dokta ya yaba yadda na iya, ban gaya masa dalilin da ya sa mu muke dubawa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne marasa lafiya. Tsuntsu zai faɗo daga teku ido a rufe, wuya a langaɓe, wanda a gida ko kallo na biyu ba za ka yi masa ba sai wuƙa. Dokta sai ya ɗiga masa ruwan sukari a gefen baki, ya sa shi a jaka a inuwa. Bayan sa'a ɗaya a buɗe, wani ya mutu, wani kuwa fir, ya tashi kamar ba shi ba. Na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Shekara shida Dokta yana zuwa Abhur, bai taɓa kama tsuntsu mai zoben wata ƙasa ba. Duk wanda aka kawo, ƙafa yake fara dubawa. Usta yakan ce in ranar ta zo sai mun riƙe tsohon kada ya faɗi.

Da hajji ya matso aka naɗe raga gaba ɗaya, don mai harami ba ya taɓa abin farauta, Dokta kuma ba zai iya shi kaɗai ba. Na bi Usta muka sauke farali. Wannan labari ne daban, kuma alhazai sun fi ni iya ba da shi. Da muka dawo Dokta ya fara ba ni filaya ina sa zobe yana kallo. Ya ce saura mako ɗaya ya rubuta takardata.

Kwana uku bayan haka aka tashi da iska mai zafi daga tudu. Da hantsi aka tura ni ragar can ƙarshe ni kaɗai. A ƙasan raga na tarar da salwa, 'yar ƙanwar fakara, ba ta cika tafin hannu ba. Baki a buɗe, ido a rufe. Na kwance ta, wuyan ya faɗi a kan yatsana, ƙafa ta fara miƙewa.

Wallahi ban yi shawara ba. Na dai ji kaina na juya gabas, na ji bakina ya ce bismillahi Allahu akbar. Sai da jini ya zubo mini a hannu na san wuƙa ta fita daga aljihu. Kuma sai a lokacin, da ƙafar ta yi shure-shure, na ga wani abu yana ƙyalli. Zobe ne, ya dushe, ba irin namu ba.

Na zauna a ƙasa. Nan Usta ya same ni da ya ga na daɗe. Ya dubi salwa, ya dubi wuƙa.

"La haula. Ya Sale, esh sawwait? Me ka yi?"

Na nuna masa ƙafar. Ya tsuguna ya buɗe zoben da farce da haƙori, ya riƙe a hannunsa.

"Shuf, saurara. Za mu ce shaho ya riga mu, ƙafa kawai ya bari. Yana faruwa. Ka zo daga nesa, ya akhuya, ɗan'uwana, ba za ka koma hannu wofi saboda loma ɗaya ba. Sa ta a jaka, ka yi shiru, ni zan yi kalam."

Na sa ta a jaka na cusa a aljihu. Ba zan ɓoye muku ba, na yarda. Duk tsawon hanyar zuwa rumfa ina maimaita shaho a raina.

Usta ya ajiye zoben a tebur. Dokta ya ɗauki gilashin ƙara girma, ya duba. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya jawo taswira ya nuna mana wata ƙasa can sama da Turkiyya, inda ya ce ƙanƙara ke rufe gonaki, yana dariya kamar an yi masa haihuwa. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. Sannan ya juyo gare ni, fuskar nan cike da murna, ya ce, "Ina tsuntsuwar? Kawo ta mu auna."

Usta ya buɗe baki. Ni kuwa na kasa barin sa ya kawo maganar shaho. Ba zan ce tsoron Allah ne zalla ba, ko da yake kwana goma ke nan da saukowata daga Arfa. Murnar tsohon ce ta fi ƙarfina. Na zaro jakar na ajiye a gabansa, jini ya riga ya ɓata ƙyallen. Na ajiye wuƙar kusa da ita.

Dokta ya buɗe jakar ya duba. Ya ce in gaya masa yadda aka yi, na gaya masa, har da ɗinyar mahaifina. Ya saurara bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Tambaya ɗaya. Da ka kawo ta nan, mun ba ta ruwa, za ta tashi?"

Usta ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na gane ƙofa ce aka buɗe mini. In na ce ta riga ta gama, ba mai ƙaryata ni, ni kaɗai na gan ta.

Na ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai. Ya ce ya san ba mugunta ba ce, kuma zoben zai yi amfani ko da rai ko ba rai. Amma a Chadi ni kaɗai zan kasance, ba mai kallona, kuma duk ranar zafi sai na sami irin wannan a raga. "Hannunka ya riga kanka, Malam Sale. Ba zan iya sa hannu a takardar bana ba. In sun sake turo ka baɗi, ina nan." Ni da shi duk mun san ba a tura lebura teku sau biyu.

Ya auna fiffiken, ya miƙo mini alƙalami ya ce ni zan rubuta. A gurbin da kullum muke sa an sake ta, na rubuta an yanka, na sa sunana.

Da azahar Usta ya fige ta ya gasa a garwashin shayi. Haushina yake ji, ko kallona ba ya yi. Ya turo mini a murfin kwano. Na ce ba zan iya ba.

"Kul, ci abinka. Ka ambaci sunan Allah a kanta, halal ce. Zubarwa ce haram."

Na ci. Tsuntsuwar da ta taso daga ƙasar ƙanƙara, ta ci rani a wajenmu, ta haye teku, ba ta kai loma biyu ba. Ina taunawa hawaye na zuba, ban damu da Usta na gani ba.

Na ƙarasa kwanakina ina kwance tsuntsu ina kawowa, filaya kuwa ban sake taɓa ta ba. Ranar tafiya Hajja Kaltume ta ƙulle mini dabino, Usta ya raka ni har tashar jirgi. Ya rungume ni ya ce, "Kai majnun ne, mahaukaci, wallahi. Allah ya kai ka lafiya." Komowa ba abin da ya faru sai ruwan sama da ya tsare mu mako biyu a Chadi.

Na kai wa shugabanmu wasiƙar da Dokta ya ba ni a rufe. Ya karanta, ya ce, "Ya ce bai taɓa ganin hannu irin naka ba, kuma ba ka ƙarya. To ina takardar?" Na ce babu. Sansanin Chadi wani aka ba, ni aka mai da ni gonakin gero.

Mutane suna ce mini Alhaji, suna cewa ai ban yi asara ba, kuma gaskiyarsu ne. Rashin aikin ya yi mini zafi wata biyu, ya wuce. Abin da bai wuce ba shi ne tambayar tsohon. Ina tsaye a gona ina kaɗa gwangwani sai ta faɗo mini, in sake ɗaukar salwar nan a tafin hannuna, in sake duba idon, in sake jin wuyan. Har yau ban sani ba.